Allurar Mako-Mako da Giɓin Wata Biyu: Nazarin Lamarin Wata Mai Ciwon Suga a Kaduna

Hajiyar da wannan nazari ya shafa 'yar kasuwa ce, tana da shagon atamfa da leshi a babbar kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, gidanta kuma yana Tudun Wada. Shekarunta 49, 'ya'yanta shida. Ta kai shekara takwas tana fama da ciwon suga nau'i na biyu, ga hawan jini. Ni mai harhaɗa magunguna ne a asibitin da take zuwa, duk maganin da take sha ta hannuna yake bi, in ban da guda biyu da zan zo kansu. Sunanta ba zai fito ba, Hajiya kawai zan ce.

A watan Yulin 2024 nauyinta kilo 104 ne. Gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini na kimanin wata uku da suka wuce, ya ba da 9.6, alhali abin da ake nema ga irinta ƙasa da 7 ne. Tana shan ƙwayoyin suga iri biyu, metformin safe da yamma da kuma glibenclamide, ga maganin hawan jini. Gwajin fitsari ya nuna furotin ya fara yoyo kaɗan-kaɗan, wato ƙoda ta fara jin jiki. Gwiwoyinta sun hana ta yin sallah a tsaye, sai a kan kujera.

Ita ta kawo maganar da kanta. Wata abokiyar sana'arta mai zuwa sari Dubai ta faɗa mata, ita kuma ta tambayi likita: "Likita, wai akwai wata allura da ake yi sau ɗaya a sati, suga ya sauka, jiki ya ragu. Da gaske ne, ko surutun kasuwa ne?"

Da gaske ne, kuma ba jiya aka fara aikinta ba.

Tun 1964 masu bincike suka lura da wani abu. In aka ba mutum suga ya sha, jikinsa yana fitar da insulin, sinadarin da ke saukar da sugan jini, fiye da in an zuba masa sugan ta jijiya, ko da adadin da ya hau a jini ɗaya ne. Ke nan hanji ba bututu ba ne kawai, yana da ɗan aiken da yake turawa ya sanar cewa abinci ya iso. An fara gano ɗaya mai suna GIP a farkon shekarun 1970. Na biyun, GLP-1, sai a shekarun 1980 aka tantance shi, ta hannun Joel Habener da Svetlana Mojsov da Daniel Drucker a birnin Boston na Amurka, da kuma Jens Juul Holst a Denmark. Guntun furotin ne da bangon hanji ke saki bayan an ci abinci, kuma aiki huɗu yake yi. Yana sa fankiriyas, gaɓar da ke yin insulin a cikin ciki, ta sake shi, yana danne sinadarin gulukagon da ke sa hanta ta zubo suga, yana rage saurin fitar abinci daga ciki, yana kuma shaida wa ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Abin da ya fi jan hankalin likitoci shi ne ba ya matsa wa fankiriyas sai in suga ya hau. Da ya dawo daidai, sai ya sassauta. Glibenclamide ba haka yake ba: ko an ci ko ba a ci ba, insulin zai fita. A riƙe wannan bambanci, domin a kansa lamarin Hajiya ya juya.

Matsalar GLP-1 na jiki ita ce bai da tsawon rai. Wani sinadari mai suna DPP-4 yana datse shi cikin minti biyu. Mafita ta farko daga inda ba a zata ba ta fito: a 1992 wani likita mai suna John Eng, a asibitin tsofaffin sojoji na Bronx a New York, ya samo wani sinadari mai kama da shi a dafin wani ƙadangare da ake kira Gila, wanda ke zaune a hamadar kudu maso yammacin Amurka. Daga nan aka yi exenatide, aka amince da shi a 2005, allura sau biyu a rana. Sai liraglutide, sau ɗaya a rana. Sai semaglutide, wanda kamfanin Novo Nordisk ya fitar da sunan Ozempic a 2017 don ciwon suga, sannan da sunan Wegovy a 2021 don ƙiba. Dabarar da aka yi masa ita ce an sauya wurin da DPP-4 ke datsewa, aka kuma liƙa masa jelar kitse da ke manne wa furotin ɗin albumin a cikin jini, yadda ƙoda ba za ta tace shi da wuri ba. Haka aka mayar da minti biyu ya zama mako guda: sai bayan kwana bakwai rabin maganin ke barin jiki.

Likita ya ga Hajiya ta cancanci semaglutide, kuma a ganina ya yi daidai. Ba ta taɓa kumburin fankiriyas ba, babu tarihin wani nau'in kansar tayirod, wata gaɓa ta wuya, da ake gudu a danginta, haihuwa kuma ta tsaya. Ga shi a 2024 ɗin ne aka fitar da sakamakon gwajin FLOW, wanda aka yi kan masu ciwon suga da ciwon ƙoda su 3,533, ya nuna semaglutide ya rage haɗarin lalacewar ƙoda da mutuwar da ke da nasaba da ƙoda ko zuciya da kashi 24 cikin ɗari. Kafin a fara, ya tura ta Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna a duba bayan idonta. Dalili shi ne a gwajin SUSTAIN-6 na 2016 an ga matsalar ido ta ƙaru, kashi 3 cikin ɗari a masu allurar, kashi 1.8 a waɗanda ba su samu ba, mafi yawa a waɗanda dama suga ya riga ya taɓa musu ido, sannan aka saukar da shi da sauri. Idonta lafiya lau. Ya kuma dakatar da glibenclamide, ya bar metformin.

An fara da miligiram 0.25 na mako huɗu. Wannan adadi ba don ya yi magani ake ba da shi ba, don ciki ya saba ne. Daga nan 0.5, bayan wata biyu kuma miligiram 1. Ta yi tashin zuciya a makonnin farko, da gyatsa mai warin ƙwai da ta ce tana ba ta kunya a gaban masu ciniki. Muka ce ta rage maiƙo, ta raba abincinta ƙanana-ƙanana, ta daina kwanciya da ta gama ci. 'Yarta ta faɗa mini cewa malmalar tuwo biyu Mama take tashi da su da dare, yanzu rabin ɗaya take ci ta ture kwano. Lemon kwalba da take sha biyu a shago kullum, ta ce ko ganinsa ba ta son yi. Ba dauriya ba ce, sha'awar ce ta tafi.

Ajiya ma sai da aka yi mata dabara. Maganin a cikin wani abu mai kama da biro yake zuwa, kuma biron da ba a buɗe ba yana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma in ya daskare ya lalace. Wanda aka fara amfani da shi yana iya zama a waje na wasu makonni muddin zafi bai wuce digiri 30 ba. Wuta a unguwarsu sai a hankali, saboda haka sabo yana zama a firjinmu na asibiti har ranar da za ta karɓa, wanda ke hannunta kuma a leda take ƙulle shi, ta sa a gwangwani, ta ajiye a jiƙaƙƙen yashin gindin randa.

A watan Disamba nauyinta ya sauko 96, HbA1c ya dawo 7.1. Ta koma sallah a tsaye. Ita dai ta so ya fi haka, domin ta ji ana cewa mutum yana zubar da kashi 15 cikin ɗari na nauyinsa. Wannan adadi daga gwajin STEP 1 na 2021 ya fito, mutum 1,961, mako 68, matsakaicin raguwa kashi 14.9. Amma miligiram 2.4 aka ba su, kuma babu mai ciwon suga a cikinsu. Da aka maimaita da masu ciwon suga a STEP 2, kashi 9.6 aka samu. Kilo takwas cikin wata biyar a kan miligiram 1, ba abin rainawa ba ne. A kasuwa kuwa sai aka shiga yi mata sannu. Wata ta ja ta gefe tana tambaya ko Alhaji ne zai ƙara aure. Kasuwar da 'yan mata ke neman sha-ka-fashe don su yi ƙiba kafin biki, ba mamaki rama ta zama abin jaje.

Daga nan labarin ya karkace, kuma ba laifin magani ba ne.

Kuɗin biro ɗaya na wata guda ya fi mafi ƙarancin albashin jihar Kaduna na ƙarshen 2024, naira 72,000, nesa ba kusa ba. Kayan waje ne, da dala ake sayo shi, dalar da ke ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Da kwasar adashi Hajiya ta sayi na watannin farko. A ƙarshen Disamba bikin 'yarta ta uku ya taso, kayan ɗaki suka cinye abin da ke hannu, Janairu kuma ga kuɗin makaranta. Ta yi allurar ƙarshe a makon Kirsimeti, ba ta dawo asibiti ba, ba ta kuma faɗa wa kowa ba. Daga baya ta ce mini, "Ɗana, kunya na ji in zo in ce babu."

Lissafin a fili yake. Rabi na tafiya duk mako, don haka bayan mako biyar abin da ya rage wajen kashi 3 cikin ɗari ne kawai. Yunwa ta dawo da ƙarfinta. Fitsarin dare ya dawo, na'urar gwajinta ta fara nuna 13, 14 da safe, wato suga ya hau sosai. Ta je kemis ɗin bakin layinsu, yaron shagon ya duba tsohuwar takardarta, ya ba ta glibenclamide, tunda shi take sha a da. Suga ya ɗan lafa. Wannan bai saɓa wa abin da bincike ya gani ba: waɗanda aka bi sawunsu bayan an tsayar musu da allura a STEP 1 sun mayar da kashi biyu cikin uku na nauyin da suka zubar cikin shekara guda, sugan jini da hawan jini ma suka kama hanyar komawa inda suke.

Ana saura kwana kaɗan azumi, wanda ya kama a farkon Maris na 2025, ciniki ya buɗe, ta samu kuɗi. Maimakon ta zo wurinmu, sai ta karɓi biro daga wata mai talla a WhatsApp da ta yi mata rangwame. Babu lambar NAFDAC a jikin kwalin, kuma a jakar hannu aka kawo shi. Ta murɗa shi zuwa miligiram 1, inda ta tsaya wata biyu da suka wuce, ta yi allura daren da aka ga wata. Ba ta daina glibenclamide ba, tana sha da sahur.

Ranar farko tashin zuciya ne. Da shan ruwa ta ci dabino da ƙosai biyu, ta kurɓi kunun gyaɗa, duk suka dawo. Rana ta biyu amai da gudawa, amma ta ɗauki azumi, ga zafin Maris. Rana ta uku wajen la'asar 'yarta ta same ta zaune a kan darduma, gumi ya jiƙa mata hijabi, hannu na rawa, tana magana ba kan gado. Yarinyar ta yi hankali, ta ɗauko na'ura ta gwada: 2.9. Duk abin da ya gaza 3.9 faɗuwar suga ce. Ta dama suga a ruwa tana cewa, "Mama, don Allah ki sha," uwar tana kau da kai wai saura kaɗan a sha ruwa. Sai da aka kira ƙanin mijinta, wanda malami ne, ya ce mata ta karya, Allah bai ɗora mata wannan ba, za ta rama.

A asibiti tambaya ta farko ita ce mene ne a cikin biron. Ba tambayar banza ba ce. A Oktoban 2023 an kwantar da mutane a Ostiriya bayan sun yi amfani da biron jabu da aka cika da insulin, a Yunin 2024 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan jabun semaglutide da aka kama a Birazil da Birtaniya da Amurka. Sai dai yadda abin ya zo bai yi kama da insulin ba. Da shi ne, cikin sa'o'i kaɗan da allura za ta faɗi, ba bayan kwana uku ba. Amai da ƙin abinci kuwa aikin semaglutide ne a cikin da ya manta da shi. Likita ya karanta lamarin haka: allura mai ƙarfi ta hana ta ci ta kuma sa ta amai, azumi ya hana ta mayar da ruwan da ta rasa, ƙoda ta ja baya saboda bushewa, glibenclamide da abin da yake rikiɗewa ya zama suka taru a jini domin ƙoda ba ta fitar da su, suka ci gaba da matso insulin babu abinci. Gwajin jini ya tabbatar ƙoda ta taɓu, fankiriyas kuma lafiya.

An yi mata ƙarin ruwa mai suga, aka tsayar da glibenclamide da metformin da maganin hawan jinin da ke iya ƙara wa ƙoda nauyi a irin wannan hali. Suga ya sake faɗuwa cikin dare, wanda dama halin glibenclamide ne, shi ya sa ba a sallamar irin wannan da wuri. Kwana huɗu ta yi. Ƙoda ta farfaɗo, ta koma kusa da inda take a da.

Ba allurar ce ke hana azumi ba. Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa allurar da ba ta abinci ba ce ba ta karya azumi, kuma a gwajin LIRA-Ramadan na 2016 masu liraglutide sun fi masu shan dangin glibenclamide tsira daga faɗuwar suga. Sharaɗin da likitoci ke gindayawa shi ne a fara makonni kafin azumi, a daidaita adadi, ciki ya riga ya saba. Hajiya ta haɗa abu uku da ba a haɗawa, komawa kan miligiram 1 kai tsaye, glibenclamide, da azumi, kuma kowanne da kyakkyawar niyya ta yi shi.

Inda nake ganin giɓin yake shi ne tsakanin mutumin da aka yi bincike a kansa da mutumin da ke tsaye a gaban tagata. Wanda ke cikin gwaji kyauta ake ba shi magani, ana kiransa in ya makara, akwai mai ba shi shawarar abinci duk wata. Kashi uku cikin huɗu na mutanen STEP 1 fararen fata ne. Alƙaluman da ake yaɗawa na gaskiya ne: a gwajin SELECT na semaglutide, mutum 17,604 masu ciwon zuciya da ƙiba, haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwa ta dalilinsu ya ragu da kashi 20 cikin ɗari. Tirzepatide na kamfanin Eli Lilly, wanda ke kwaikwayon GIP da GLP-1 tare, ya rage kusan kashi 21 na nauyi a mako 72. Retatrutide, mai taɓa wuri uku, ya kai wajen kashi 24 a gwajin mataki na biyu da aka wallafa a 2023. Amma duk waɗannan na wanda bai tsallake ba ne, mako bayan mako, shekara da shekaru. Takardar tantance mara lafiya tana tambayar tayirod, tana tambayar fankiriyas, tana tambayar juna biyu. Ba ta da layin da ke tambayar daga ina kuɗin wata na shida zai fito, ko wa za a kira ran da aka rasa. A Kaduna wannan tambaya ta lafiya ce, daidai take da gwajin ƙoda. Kuma akwai asarar da sikeli ba ya nunawa: cikin nauyin da ake zubarwa akwai tsoka, ba kitse kaɗai ba, mace mai shekara kusan hamsin da ke sauka tana hawa ba lalle ta mayar da tsokar da ta rasa ba.

Bayan sallah aka zauna, ita da babban ɗanta da likita. Ɗan ya ce shi zai ɗauki nauyi. Likita ya tambaye shi na wata nawa, ya yi shiru yana lissafi, ya ce uku, wataƙila huɗu. Hajiya ce ta yanke: "A bar shi, Likita. Ba zan sa yaro ya ci bashi don in rame ba." Aka mayar da ita kan metformin, aka sauya glibenclamide da gliclazide wanda bai kai shi saukar da suga fiye da kima ba, da ƙoda ta daidaita kuma aka ƙara dapagliflozin, ƙwaya ce da ke fitar da suga ta fitsari, ita ma an tabbatar tana kare ƙoda, kuma akwai ta Indiya mai sauƙin kuɗi. An rubuta mata a takarda da Hausa cewa ranar da take amai ko gudawa ta ajiye waɗannan magunguna ta zo asibiti. Lemon kwalba bai dawo shago ba, tuwon dare malmala ɗaya, da wake ko kifi a gefe.

Zuwanta na watan Satumban 2025, nauyi 100, HbA1c 7.7, furotin ɗin fitsari bai ƙaru ba. Bai kai na Disamba kyau ba, amma ya fi na farko, kuma kuɗinsa ba ya jiran kwasar adashi. A watan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa semaglutide da danginsa cikin jerin muhimman magunguna, don masu ciwon suga nau'i na biyu da ke da ƙiba tare da ciwon zuciya ko na ƙoda, wato irin Hajiya sak. Haƙƙin mallakar semaglutide kuma yana ƙarewa a 2026 a Indiya da Sin da Birazil da Kanada, kuma daga Indiya yawancin magungunan kantocinmu ke zuwa. Likita ya rubuta a fayil ɗinta cewa in mai rajistar NAFDAC ya shigo da farashin da za ta iya riƙewa shekara guda, za a sake dubawa. A fara daga 0.25, a rage gliclazide tun ranar farko, a sake duba ido, kuma kada a fara in azumi ya rage ƙasa da wata biyu. Lambar wayar 'yarta ce a saman shafin, ita za mu kira in mako biyu ya wuce ba a zo karɓa ba.